Wane irin aiki masanin tarihi yake yi idan yana nazarin ilimin juyin halitta na ƙarni na 19?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina karatun tarihi a jami'a, kuma a wannan zangon an shigar mana da darasi kan tarihin kimiyya, inda malaminmu ya ambata cewa akwai masanan da suka ƙarar da rayuwarsu kacokan wajen nazarin yadda ra'ayin juyin halitta ya taso a Turai a ƙarni na 19. Maganar ta ɗaure mini kai, domin a tunanina wannan fage ne na masana ilimin halittu. Abin da na sani bai wuce cewa Charles Darwin ya yi tafiya a jirgin ruwa, ya ga wasu tsuntsaye a tsibiran Galapagos, ya dawo Ingila ya wallafa littafinsa kan asalin jinsunan halittu a 1859 ba.

Tambayoyina uku ne. Mene ne ya bambanta aikin masanin tarihi da na masanin halittu a kan wannan batu? Bayan shekaru fiye da 160 ana rubutu a kan mutum ɗaya, me ya rage da za a gano? Sannan shin dole ne mai wannan nazari ya yarda da ra'ayin kafin ya iya rubuta tarihinsa? Ina roƙon waɗanda suka san fagen su yi mini bayani dalla-dalla.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Masanin halittu yana so ya san ko ra'ayin daidai ne, saboda haka ɗakin gwaji yake nufa, ko daji, ko wurin tonon ƙasusuwa. Masanin tarihi kuwa abin da yake bi shi ne wa ya san me, a wace rana ya sani, daga bakin wa ya ji, kuma me ya sa mutanen wancan zamani suka gamsu da wata hujja suka ƙi wata. Kayan aikinsa takardu ne: wasiƙu, littattafan aljihu da ake rubuta tunani a ciki, rubutun gefen shafi da mai karatu ya yi a littattafan da ya karanta, bayanan tarukan ƙungiyoyin masana, da lissafin masu ɗab'i.

Labarin tsuntsayen da kika kawo shi ne misali mafi kyau da zan ba ki, domin a nan ne masu tarihi suka nuna amfaninsu. An daɗe ana koyar da cewa Darwin ya sauka Galapagos a 1835, ya dubi bakunan wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba, ya ga kowane tsibiri da irin nasa, nan take haske ya zo masa. Wani masani mai suna Frank Sulloway ya koma kan takardun da Darwin ya rubuta a lokacin tafiyar, da alamomin da ke maƙale a ƙafafun tsuntsayen da aka adana a gidajen tarihi, ya wallafa sakamakonsa a 1982. Abin da ya tarar shi ne Darwin bai ma rubuta tsibirin da ya kamo yawancin waɗannan tsuntsaye ba, kuma ya ɗauka wasunsu 'yan wasu dangogi ne daban. Sai bayan da jirgin Beagle ya dawo a Oktoban 1836, aka miƙa tsuntsayen ga John Gould, masanin tsuntsaye a Landan, shi ne a farkon 1837 ya bayyana cewa jinsuna ne fiye da goma masu dangantaka ta kusa. Daga nan Darwin ya shiga neman tsuntsayen da kyaftin ɗin jirgin, Robert FitzRoy, da wasu abokan tafiya suka tara, saboda su sun rubuta wuraren da suka samo nasu. Tsuntsayen da suka ja hankalinsa tun yana can wasu ne daban, masu kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye, kuma su ya kula da tsibirin kowannensu. Wannan bincike bai taɓa ingancin ra'ayin ba ko kaɗan, amma ya sauya fahimtarmu game da yadda aka kai gare shi: a hankali ne, a Landan, tare da taimakon ƙwararrun da ba a cika ambaton sunayensu ba.

Game da abin da ya rage kuwa, ki dubi yawan takardun kawai. A 1974 Frederick Burkhardt ya kafa aikin tattara wasiƙun Darwin, waɗanda ya aika da waɗanda aka aiko masa, kuma aikin bai kammala ba sai a 2022, bayan an tara wasiƙu sama da 15,000 a cikin juzu'i 30. Mutanen da ya yi musayar wasiƙa da su sun kai kusan 2,000, cikinsu har da masu kiwon tattabaru, masu lambu, 'yan mishan da ma'aikatan mulkin mallaka da ke aiko masa da bayanai daga ƙasashe masu nisa. Da yawa daga wasiƙun nasa ba su da shekara, sai rana da wata kawai, wani lokaci ma sunan ranar mako kaɗai. Saboda haka editocin sukan ɗaga takarda su duba tambarin masana'anta da ke ɓoye a jikinta, su lura da irin adireshin da aka buga a samanta, su haɗa da abin da wasiƙar ta ambata, kamar rashin lafiyar yaro ko fitowar wani littafi, kafin su ce ga shekarar da aka rubuta ta. Aiki ne mai cin rai, amma idan jerin ranakun ya karkace, duk labarin da aka gina a kai ya karkace.

Haka abin yake da littattafan aljihun da ya fara cikawa a Yulin 1837, waɗanda a ɗayansu ya zana reshen bishiya don nuna yadda jinsuna ke rarrabuwa daga tushe ɗaya. Shi da kansa ya yanke shafuka da dama daga cikinsu ya zuba a wasu jakunkunan takardu don amfanin gaba, sai da masana suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka mayar da kowanne gurbinsa. Biyu daga waɗannan littattafai sun ɓace daga ɗakin karatu na Jami'ar Kambirij na tsawon shekaru kusan 20, har aka sanar a 2020 cewa ana zaton sace su aka yi, sai ga shi a Maris na 2022 wani da ba a san ko wane ne ba ya ajiye su a ɗakin karatun cikin wata jaka.

Mai Bin Tsoffin Jaridu ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ƙorafi ɗaya cikin girmamawa, wato duk misalansa a kan Darwin suke. Wannan ita ce cutar da ta daɗe tana damun fagen, har ana yi masa ba'a da cewa ya zama masana'antar Darwin. Ra'ayin cewa jinsuna na sauyawa ya girmi littafin 1859 nesa ba kusa ba. Jean-Baptiste Lamarck ya wallafa nasa a Faransa a 1809, shekarar da aka haifi Darwin, kuma kakan Darwin ɗin, Erasmus, ya taɓo batun tun kafin ƙarnin ya kama. A 1844 wani littafi ya fito a Birtaniya ba tare da sunan marubuci ba, yana cewa komai, daga taurari har zuwa ɗan Adam, ya samu ne ta hanyar ci gaba bisa dokokin halitta. Masana sun yi masa kaca-kaca, amma jama'a suka yi ta saye, har Yarima Albert ya karanta wa Sarauniya Victoria shi. Ba a bayyana a hukumance cewa Robert Chambers, wani mai ɗab'i a Edinbura, ne ya rubuta shi ba sai a 1884, bayan ya daɗe da mutuwa. James Secord ya yi wani babban nazari a 2000 a kan wannan littafi, kuma abin da ya sa a gaba shi ne masu karatu: wa ya saya, a wane bugu, mai tsada ko mai araha, me ya rubuta a littafinsa na sirri bayan ya karanta, me aka faɗa a coci da wuraren shan shayi na masu hali. Ni a ganina wannan hanya ta fi bin tunanin mutum ɗaya amfani, domin ra'ayi ba ya zama abin da ya zama sai ya shiga hannun mutane.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata ɗalibar ta kiyaya, wanda Herbert Butterfield ya yi gargaɗi a kansa tun 1931, wato karanta tarihi kamar hanya ce miƙaƙƙiya da aka shimfiɗa don ta iso gare mu. Peter Bowler ya nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 yawancin masana sun karɓi cewa jinsuna na sauyawa, amma da yawansu ba su karɓi zaɓin yanayi, wato bayanin Darwin cewa halittun da suka fi dacewa da muhallinsu su ne suka fi tsira su hayayyafa, a matsayin babban dalilin sauyin ba, suka koma ga ra'ayoyi irin na Lamarck ko wasu daban. Kuma suna da hujjojinsu masu ƙarfi a ma'aunin zamaninsu. Masanin kimiyyar lissafi da zafi William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya ƙiyasta a 1862 cewa shekarun duniya suna tsakanin miliyan 20 da miliyan 400, lokacin da ake ganin ya yi kaɗan ga sauyi mai tafiyar hawainiya. Injiniya Fleeming Jenkin kuma ya yi suka a 1867 cewa idan siffofin iyaye cakuɗuwa suke yi a cikin 'ya'ya, to sabuwar siffa za ta narke ta ɓace cikin 'yan tsatsoni kaɗan. Ba wanda ya san da sinadarai masu fitar da zafi daga cikin duwatsu a lokacin, kuma aikin Gregor Mendel na 1866 kan yadda ake gadon siffofi bai samu kulawa ba sai a 1900. Masanin tarihin da ya kira waɗannan mutane masu taurin kai bai yi aikinsa ba.

Wani reshe da ya bunƙasa a 'yan shekarun nan shi ne nazarin fassara. Heinrich Bronn, wanda ya fassara littafin Darwin zuwa Jamusanci a 1860, ya ƙara babi nasa na suka. Clémence Royer ta fitar da na Faransanci a 1862 da doguwar gabatarwa mai caccakar malaman coci, abin da bai yi wa Darwin daɗi ba. A ƙasashen Larabawa mujallar al-Muƙtaɗaf, wadda aka kafa a Beirut a 1876, ta taka rawa wajen yaɗa muhawarar, kuma a 1882 wani malami, Edwin Lewis, ya rasa aikinsa a kwalejin 'yan mishan ta Amurkawa da ke birnin bayan ya yaba wa Darwin a jawabin yaye ɗalibai. Marwa Elshakry ta bi diddigin wannan tarihi a littafinta na 2013. A Sin kuwa ra'ayin ya shiga ne musamman ta fassarar da Yan Fu ya yi wa wani rubutun Thomas Huxley, masanin halittu mai goyon bayan Darwin, a 1898. Kowane mai fassara sai da ya ƙirƙiro kalmomi, kuma kalmar da ya zaɓa ita ta tsara abin da masu karatunsa suka fahimta.

Ɗalibar Tarihi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah Ya ƙara basira. Abin da na fahimta shi ne takardun suna nan da yawa, amma sai wata tambaya ta taso mini. Idan duk masanan takardu iri ɗaya suke karantawa, shin suna samun saɓani kuwa? Na taɓa jin ana cewa Darwin ya ɓoye ra'ayinsa shekara 20 saboda tsoro, na kuma ji wasu na cewa ƙwace ya yi wa wani masanin halittu, Alfred Russel Wallace. Yaya masanin tarihi yake yanke hukunci a kan irin wannan?

Malama Mai Bincike ta amsa:

Ƙanwata, saɓani kam akwai shi, kuma batutuwa biyun da kika ambata suna cikin waɗanda aka fi ja-in-ja a kansu. Abin da ba a jayayya a kai shi ne Darwin ya rubuta taƙaitaccen bayanin ra'ayinsa a 1842, ya faɗaɗa shi a 1844, ya bar wa matarsa Emma wasiyya cewa a wallafa shi idan ya mutu, sannan daga 1846 zuwa 1854 ya duƙufa kan nazarin wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da jikin jiragen ruwa. Inda aka rabu shi ne dalili. Adrian Desmond da James Moore, a tarihin rayuwarsa da suka fitar a 1991, sun ɗora nauyi a kan yanayin siyasar Ingila, inda ake danganta ra'ayin sauyawar jinsuna da masu neman kifar da tsarin coci da sarauta, suka ce mutum mai dukiya da mutunci irinsa yana da dalilin yin shiru. John van Wyhe kuma ya fito a 2007 ya ce babu wani jinkiri na tsoro, domin Darwin ya faɗa wa mutane da dama ra'ayinsa, kuma yana da tarin ayyukan tafiyar Beagle da dole ya gama, sannan dama shi mutum ne mai ɗaukar shekaru a kan kowane littafi. Ni na fi karkata ga van Wyhe a kan cewa kalmar ɓoyewa ta yi tsauri, amma ban yarda a share damuwar da ke bayyane a wasu wasiƙunsa ba, kamar wadda ya aika wa abokinsa Joseph Hooker, masanin tsirrai, a Janairun 1844, inda ya kamanta faɗin ra'ayin da amsa laifin kisan kai. Wani zai ce raha ce, wani zai ce firgici ne, kuma takarda ba ta ɗauke da muryar mai rubutu.

Maganar Wallace ta fi daɗin bincike. Ya rubuta maƙalarsa mai ɗauke da ra'ayi irin na Darwin a Fabrairun 1858, ya aiko wa Darwin da ita daga tsibirin Ternate da ke Indonesiya ta yau, kuma Darwin ya ce ta iso masa ranar 18 ga Yuni. Charles Lyell, masanin duwatsu abokin Darwin, da Hooker suka shirya aka karanta ta tare da wasu rubuce-rubucen Darwin na baya a taron ƙungiyar Linnean ta masana halittu a Landan ranar 1 ga Yuli, babu ko ɗaya daga mutanen biyu a wurin, domin Wallace yana can gabas mai nisa, Darwin kuma ɗansa ƙarami ya rasu kwana uku kafin nan. Matsalar ita ce asalin wasiƙar da ambulan ɗinta sun ɓace. Wannan giɓi ne ya ba wasu marubuta damar cewa ta iso makonni kafin ranar da Darwin ya faɗa, ya riƙe ta ya kwashi abin da ya kwasa. Van Wyhe da Kees Rookmaaker suka bi jadawalin jiragen ruwan da ke ɗaukar wasiƙu a wancan lokaci, tasha bayan tasha, suka nuna cewa idan an aika da ita a watan Afrilu, to ranar 18 ga Yuni ɗin ce za ta iso. Ba kowa ya gamsu da wannan ba, amma ko da an bar ranar a buɗe, rubutun 1844 da wasiƙar da Darwin ya aika wa masanin tsirrai Asa Gray a Amurka a 1857 sun isa shaida cewa ya riga ya mallaki ra'ayin. Tambayar da ta fi cancanta a ganina ita ce ko an yi wa Wallace adalci da aka karanta aikinsa ba tare da an nemi izininsa ba, da kuma me ya sa sunan Ali, matashin Malay da ya harbo masa tsuntsaye masu yawa, ya daɗe ba ya cikin labarin.

Tsohon Malami ya dawo:

Na karɓi gyaran Mai Bin Tsoffin Jaridu, kuma na lura ban amsa tambayarki ta uku ba, 'yata. Ba sharaɗi ba ne mai wannan nazari ya bayyana matsayinsa kan ra'ayin, kamar yadda mai rubuta tarihin wani yaƙi ba sai ya zaɓi ɓangare ba. Sharaɗin shi ne ya fahimci kimiyyar sosai yadda zai gane abin da ake gardama a kai, kuma kada son zuciyarsa ya sa ya karɓi labarin da ba shi da madogara. Kowane ɓangare yana da irin nasa labarin. Masu ƙaunar Darwin sun daɗe suna ba da labarin muhawarar Oksfod ta 30 ga Yunin 1860 kamar Huxley ya yi wa Bishop Samuel Wilberforce kaye a gaban jama'a, alhali babu wanda ya rubuta maganganun kalma da kalma, kuma sigar da ta fi shahara an buga ta ne kusan shekara 40 bayan taron. A wasiƙar da Hooker ya aika wa Darwin a kwanakin, cewa ya yi muryar Huxley ba ta cika ɗakin ba, kuma shi Hooker ɗin ne ya gama da bishop. A ɗaya gefen kuma, a 1915 wata jaridar addini a Amurka ta buga labarin wata mata da ake kira Lady Hope cewa Darwin ya janye ra'ayinsa dab da mutuwarsa a 1882, abin da 'ya'yansa suka ƙaryata.

Ko maganar Darwin a kan kansa ba a karɓarta ido rufe. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta wa iyalinsa a 1876 ya ce a Oktoban 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus kan yawan jama'a, amma littafin aljihunsa ya nuna yana rubutu a kan Malthus tun 28 ga Satumba. Wannan tarihin rayuwa ma da ɗansa Francis ya wallafa a 1887 an cire masa wasu sassa da suka shafi addini bisa buƙatar iyali, sai a 1958 jikar Darwin, Nora Barlow, ta fitar da shi cikakke. Littafin 1859 kansa bugu shida ne zuwa 1872, kuma ba ɗaya suke ba: lissafin shekara kusan miliyan 300 da ya yi na zaizayar wani yanki a kudancin Ingila ya cire shi a bugu na uku, kalmar nan ta Herbert Spencer kan tsirar wanda ya fi dacewa kuma ba ta shiga ba sai a bugu na biyar a 1869.

Idan kina son gwada hannunki, wasiƙun suna intanet kyauta a shafin aikin na Kambirij. Ki ɗauki wasiƙun da ya rubuta wa Lyell da Hooker daga 18 ga Yuni zuwa tsakiyar Yulin 1858, ki karanta su bi da bi, sannan ki buɗe tarihin rayuwarsa na 1876 ki ga yadda ya ba da labarin waɗannan makonni bayan shekara 18, ki rubuta abin da ya ambata da abin da ya tsallake.